Ganyen da na saka a bidiyo ya ƙi bin iska, sai ka ce ana yi wa ango liƙi

Dan_Babura_Edita
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku agaza min, yau kwana uku ina fama da abu ɗaya.

Ƙungiyar matasan ƙauyenmu ce ta ba ni aikin ɗan gajeren bidiyo kan dashen itatuwa, za a haska shi ranar taronsu. Na ɗauki wani dattijo yana zaune a kan tabarma a gindin bishiya. So nake kafin ya buɗe baki a ga iskar hunturu tana kwasar busasshen ganye tana wucewa ta gabansa, sannan sunan shirin ya fito. To ranar da muka yi ɗaukar, da yamma ce, iska ta kwanta ɗif, ko kara ba ya motsi. Na ce ba komai, a kwamfuta zan saka.

Na buɗe After Effects, manhajar da nake yi wa bidiyo kwalliya da ita, na ɗora CC Particle World, abin cikinta mai watsa ƙananan ƙwayoyi a allo, na sauko da hoton ganye daga intanet na ba shi. Abin da ya fito wallahi sai ka ce ana yi wa ango liƙi. Ganyen daga wuri ɗaya yake ɓullowa, ya tarwatse sama, ya zubo gaba ɗaya, duk girmansu ɗaya, duk suna fuskantar kyamara. Da na nuna wa ƙanwata cewa ta yi, "Yaya, wa yake watso su?" Nan take jikina ya yi sanyi.

Kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce, RAM ɗinta 8 ne, kuma ba ni da kuɗin filogin, wato ƙarin kayan aikin da ake saya a liƙa wa manhaja. Ga hoton firem ɗaya na ɗora. Saura kwana 9 taron.

Sarkin_Renda_Wudil
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar shi ne yadda ya zo. Da ka ɗora shi a kan Explosive yake tashi, wato kamar tartsatsin wuta, liƙin da ka gani ke nan.

Shiga Producer ka ja shi gefe har ya fita daga allo, ka buɗa Radius Y da Radius Z sosai don ganyen ya riƙa fitowa daga wuri mai faɗi da zurfi. A Physics ka rage Velocity ya dawo kusa da sifili. Sai ka nemo Gravity Vector, a nan dabarar take. Shi wannan abu ba shi da maɓallin iska, amma kana iya yi masa wayo ka ce masa ƙasa tana gefe. Ka ba X ƙarfi, ka bar wa Y ɗan kaɗan, za ka ga ganyen na tafiya a kwance yana sauka a hankali. Ka ɗaga Resistance, in ba haka ba zai yi ta ƙara gudu kamar dutsen da aka saki a rijiya. Longevity daƙiƙa ɗaya ce tak in ba ka taɓa ta ba, ka kai ta 6 ko 8 kada ganye ya ɓace a tsakiyar hanya. Birth Rate kuma ka sauke shi ƙasa, ganye ashirin a allo ma ya yi yawa.

Sarkin_Renda_Wudil
Na manta da maganar kallon kyamara. Ina kyautata zaton Textured Square ka zaɓa, shi kullum fuskarsa na gabanka. Canza zuwa Textured QuadPolygon, shi ne yake wuntsilawa ta kowane ɓangare, sai ka daidaita Rotation Speed. Birth Size da Death Size ka ba su lamba ɗaya, ganye ba ya girma a iska. Max Opacity a 75 yake zuwa, ka cika shi 100, launukan biyu, Birth Color da Death Color, ka mayar da su fari. Sannan ka ja leyar baya a layin lokaci, yadda firem na farko zai tarar da ganyen ya riga ya cika iska.

Dan_Babura_Edita
Allah Ya saka da alheri Oga. Na gwada, liƙin dai ya tsaya. Yanzu kuma sun zama kamar ayarin motoci a kan titi, kowa na bin na gabansa da gudu ɗaya. Amma an samu ci gaba.

Kawu_MalaminGona
Ni ban san komai a wannan sana'a taku ba, ɗana ne ya jefa ni zauren nan don in riƙa ganin ayyukansa. Amma shekara talatin da ɗoriya na yi ina yawon gonaki daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, bishiya kam na san ta.

Ɗana, na buɗe hoton da ka ɗora. Bishiyar da dattijon yake gindinta gawo ce. Gawo ba ya zubar da ganye da hunturu. Shi kaɗai ne ya yi wa itatuwa tawaye: da damina yake tsiraita, da rani ya yi kore shar. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, ba ya hana gero rana lokacin da gero ke buƙatarta, ganyensa kuma ya zama taki. Yanzu kai za ka haska wa manoma gawo yana zubar da busasshen ganye a watan Fabrairu, a bidiyon da ke koya musu darajar bishiya? Ba su bari ka kai ƙarshe.

Na biyu, wannan jan ganye mai yatsu da ka saka, na wane gari ne? Ni dai a jikin tutar Kanada kawai na taɓa ganin irinsa.

CapCut_Kawai
😂😂😂 Kawu ya gama da kai. Gawon Babura ya haifi ganyen Kanada.

Dan_Babura_Edita
Innalillahi. Kawu wallahi a gindin gawon nan na girma, har 'ya'yansa na tsinto wa awaki, amma da na zauna gaban kwamfuta ko kaɗan bai faɗo min ba. Duk darasin da na buɗe irin wannan jan ganyen ake amfani da shi, ni ma sai na bi. To yanzu yaya zan yi? In bar maganar ganyen ne?

Kawu_MalaminGona
A'a, kar ka bari. Iska ai ba ta tambayar ganye daga wace bishiya ya fito. Kada dai ya zubo daga saman gawon, ya shigo daga gefe, kamar daga wani wuri ta kwaso shi. A wannan lokaci abin da ke yawo a ƙasa shi ne ganyen darbejiya, yanzu take fara zubar da shi, rawaya, siriri, mai ɗan lanƙwasa da baki kamar zarto. Sai karmami daga gonakin da aka girbe, da guntayen harawa. Kuka kuwa ta riga ta gama zubarwa tun tuni, tsirara take.

Kuma ka tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ka san inda ka kafa kyamararka, ka san inda dattijon ya fuskanta. 'Yan garinku sun san wannan gawon, sun san ta inda sanyi ke dukansu.

Malam_Rano3D
Maganar Kawu ta warware rabin aikin, tun da dama daga gefe Sarkin Renda ya ce a sako su. Amma ni ra'ayina ka fita daga CC Particle World gaba ɗaya. Ayarin motocin da ka gani ba laifinka ba ne, abin ba shi da hargitsin iska na gaske. Sauko da Blender, manhajar 3D, kyauta ne tun 2002 da aka saki lambobinsa ga kowa, ba wanda zai tambaye ka ko sisi.

Ka kafa fili guda a tsaye a gefen kyamara ya zama mai fitar da ƙwayoyin, guda 300 sun isa. Frame Start ka ba shi lamba ta ƙasa da sifili. Ka zuba ganye kala biyar ko shida a Collection ɗaya, ka ce masa Render As Collection, ka danna Pick Random. Ka kunna Rotation da Dynamic. Sai ka ƙara abu biyu: Wind da zai tura su, da Turbulence da zai rikita tafiyar. Ƙarfin Wind ɗin kar ka bar shi lamba ɗaya, ka riƙa ɗaga shi kana saukewa. Babban abin da za ka samu a nan shi ne ƙasa. Ka shimfiɗa fili ka ba shi Collision, ganyen zai sauka ya gangara a kai, abin da wancan ba zai yi maka da kyau ba. Ka fitar da aikin ta injin Eevee na cikin Blender, ka kunna Transparent don bango ya zama a buɗe, ka dawo da shi After Effects ka ɗora a kan dattijon.

Sarkin_Renda_Wudil
Malam, kai ko ciwon kai mutum ya kawo maka Blender za ka rubuta masa. Yaro ya ce kwana 9 ya rage, bai taɓa buɗe shi ba. Kafin ya gane yadda ake juya kyamara a ciki an tashi daga taron.

Malam_Rano3D
Kwana biyu ya ishe shi in ya zauna. Kuma gobe ma aiki zai sake zuwa.

Yar_Kazaure_Studio
Ku dakata da rigimar manhaja tukuna. Ɗan'uwa, na ƙura wa hoton ido, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko wace manhaja ka ɗauka, za ka ɗora ganye mai gudu a kan hoton da komai ya daskare. Rassan gawon a tsaye suke cak. Bakin rawanin dattijon a kwance yake a kafaɗarsa. Gefen tabarmar bai ɗaga ba. Idon ɗan ƙauye ba zai tsaya lissafi ba, zai ji kawai abin bai zauna ba. Ƙanwarka da ta ce wa yake watso su, abin da ta gani ke nan.

Na taɓa yin wannan kuskuren a bidiyon kamu. Na cika allo da furanni suna shawagi, mayafin amarya kuwa ko gezau. Uwar amarya ta ce in cire "dattin nan".

In da hali ka koma ka sake ɗauka da safe wajen ƙarfe tara zuwa goma, lokacin da iskar ke tashi.

Dan_Babura_Edita
Anti, babu hali. Dattijon ya tafi Magarya wajen 'yarsa da ta haihu, sai bayan suna da kwanaki zai dawo. Abin da na ɗauka shi ke hannuna.

Yar_Kazaure_Studio
To ka rage burinka. Kar ka yi iskar da ke tsinke shanya, ka yi 'yar iska mai rarrafe a ƙasa. Saman gawon ka zagaye shi da mask, ka sa masa Turbulent Displace kaɗan, kaɗan fa, ka motsa Evolution a hankali. In ya yi yawa bishiyar za ta zama kamar ana kallonta a cikin ruwa. Ko kuma, tun da gawon bai bi dattijon Magarya ba, ka je da safe ka kafa kyamara a daidai inda ka kafa ta, ka ɗauki saman bishiyar yana kaɗawa da gaske, ka haɗa da ƙasan tsohon hoton. In a kan ƙafar kyamara ka ɗauka ba a hannu ba, zai hau.

Game da ayarin motoci kuma, je ka tsaya inda mata ke shiƙa ka kalla na minti goma. Mace ta ɗaga ƙwarya ta tsiyayo: tsaba ta sauka tsaye a gaban ƙafarta, ɓuntu ya ɗan matsa gaba ya faɗi, ƙaiƙayi kuwa ya tashi ya yi ta tafiya, wani ma ya hau sama kafin ya sauko. Iska ɗaya ce, amma kowanne da yadda ya amsa mata. Kuma za ka ga tana dakatawa da ƙwaryar a sama tana jira, don iskar zuwa take ta ɗauke, ta sake zuwa. Naka duk nauyinsu ɗaya, iskarka kuma ba ta numfashi.

Sarkin_Renda_Wudil
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ana iya yin wannan ba tare da an bar After Effects ba. Ka kwafi leyar ta zama uku ko huɗu. Kowacce da ganyenta, da Resistance ɗinta, kuma ka shiga Extras ka canza Random Seed, in ba haka ba a kan juna za su hau. Ɗaya ƙanana can baya masu tafiyar hawainiya, ɗaya tsakiya, ɗaya manya biyu-uku da za su gifta dab da kyamara a dushe. Numfashin iskar kuma, ka haɗe su a kwamf ɗaya, wato Composition, ka kunna Time Remapping, wani wuri ka ja lokaci ya yi sauri, wani wuri ya lafa.

Waɗanda ido zai bi kuwa, guda uku ko huɗu da za su wuce kusa da dattijon, da hannu nake yin su. In zana musu hanya, in sa wiggle(2,30) a Position, in bar ɗaya ya faɗi a gefen tabarma ya tsaya, can ya ƙara matsawa. Wannan guda ɗayan shi ke sa a yarda da sauran.

Dalibin_Fiziks_Dutse
Bari in ɗan sa baki kan dalilin da ya sa ganye ba ya faɗuwa kamar tsakuwa. Yana da faɗi, ba shi da nauyi, to iskar da ke zagaye gefensa tana yin 'yan ƙananan juyi a bayansa, na wannan gefe ya saki, na wancan ya saki. Shi ya sa ko dai ya riƙa lilo dama da hagu yana sauka, ko ya kama wuntsila gudi-gudi yana zamewa gefe guda. Ku yanki takarda siririya ku saki daga tsaye, za ku gani. James Clerk Maxwell ya yi rubutu kan faɗuwar irin wannan takarda tun a shekarun 1850.

Ita kuwa manhaja kowane ganye ɗigo ne a wajenta, hoton ganyen riga ce kawai aka sa wa ɗigon. Juyawarsa daban, tafiyarsa daban, ba ruwan ɗaya da ɗaya. A zahiri kuwa juyawar ce ke canza hanyar. Tun 1983 da William Reeves na kamfanin Lucasfilm ya bayyana wannan dabara, don wuta da hayaƙi da ruwa aka yi ta, abubuwan da ba wanda ke bin ƙwaya ɗaya da ido.

CapCut_Kawai
Malam ɗalibi mun gode, amma ba jarrabawa za mu zana ba.

Ni fa duk wannan wahala ce. Bara na yi irin wannan da waya, ba kwamfuta ba komai. Na sa yara sun share min gindin darbejiya uku, muka cika buhu. Na rataya shuɗiyar shadda ta babana a jikin katanga. Kore ba zai yi ba, don in akwai ɗanyen ganye a ciki zai ɓace tare da bangon. Na ɗora yara biyu a kan katangar suna saki kaɗan-kaɗan, ɗaya a ƙasa yana fifita da murfin kwali. Na ɗauka, na cire shuɗin a CapCut, na ɗora a kan bidiyona. Kowane ganye da lilonsa, ba wanda ya saita masa komai.

Matsala ɗaya aka samu, akuyar maƙwabta. Ta zo ta tsaya a tsakiyar shaddar tana shinshina, ta ɗanɗana ɗaya ta ji ɗaci ta tofar, amma ta ƙi tafiya. Sai da aka janye ta da ƙaho. Babana kuma har yau bai san inda shaddarsa ta samo tabo ba.

Malam_Rano3D
Dabara ce, ban raina ba. Amma gefen ganyen yakan fito da shuɗi-shuɗi, kuma wanda ya yi gudu sosai dushewarsa tana cinyewa wajen cire bango. A waya ba a lura, a majigi kuwa komai zai tonu.

CapCut_Kawai
Majigin da za a haska a jikin farin zani da daddare ana ƙarar janareta? Malam ka bari.

MaiShago_Maigatari
Duk kun bar hanya kun bi daji. Trapcode Particular shi ne maganin wannan. Yana da Wind nasa, yana da Turbulence Field, kuma ka ba shi kwamf ɗaya mai ganye goma ka ce Random Still Frame, kowace ƙwaya ta ɗauki nata. Ba sai ka yi leya huɗu ba. Dan Babura, ka shigo ranar Alhamis in ka zo kasuwa, ka taho da filashi, ina da wanda aka fasa.

Alaramma_Gwaram
Malam mai shago, ka ji tsoron Allah. Mutane sun zauna sun yi wahalar abinsu suna sayarwa, kai ka fasa ka raba, kuma a bainar jama'a kake tallarsa. In wani ya kwashi bidiyon bikin da ka yi ya goge sunanka ya sayar, a zauren nan za ka zo kana kuka.

MaiShago_Maigatari
Alaramma, da dala ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma ba shi kaɗai ake sayar maka ba sai da 'yan'uwansa. Yaron nan nawa ƙungiyar za ta ba shi? Ina jin ko kuɗin data ba zai fita ba.

Alaramma_Gwaram
Ai shi ya sa aka nuna masa na kyauta har biyu. Wanda ke da rijiya a gida bai da hujjar haura katangar wani.

Mai_Kyamara_Ringim
Ni ba fatawa zan bayar ba, labarina zan faɗa. Shekara biyu da suka wuce wani ya tura min irin wannan fasasshen. Ya yi aiki lafiya sati guda. Ranar wata Asabar na kunna kwamfuta na tarar duk fayilolina sun canza suna, ba wanda ke buɗuwa, ga wata takarda ana neman kuɗi. Bikin mutane uku ne a ciki, ɗaya ma na riga na goge katin. Sai da kawuna ya raka ni gidan ango muka durƙusa. Kowa ya yi abin da ya ga dama.

Shugaban_Zaure
An rufe maganar fasasshen filogin, dokar zaure ta hana. Wanda ya sake kawo ta zan cire saƙon. A koma kan ganye.

Dan_Hadejia_07
Me zai hana ka gaya wa AI ta yi maka kawai?

Yar_Kazaure_Studio
Na gwada irin wannan. Ka ce mata busasshen ganye a iska, sau da yawa wancan na Kanada za ta miƙo maka, da hasken wata ƙasa. In kuma ka ba ta hoton dattijon tana iya sauya masa kamanni, a haska a garinsu jikokinsa su ce wannan ba kakanmu ba ne.

Abin da ba a taɓo ba shi ne hoton ganyen kansa. Ɗan'uwa, fita ka tsinto na darbejiya goma, wasu rawaya, wasu sun yi ƙasa-ƙasa, wasu tsutsa ta ci, da karmami biyu-uku. Ka jera su a kan farar takarda a inuwa, ka ɗauka da waya daga sama, ka cire bangon ka adana a PNG. Kada ka zaɓi masu kyau kaɗai. Sannan ka rage musu kaifin launi. Da hunturu hazo yana wanke komai, wanda ke nesa ya fi dushewa. In ganyenka ya fi rigar dattijon haske, zai fito kamar an manna.

Baban_Ummi_Bichi
Ni abin da nake so in gani guguwa ce. Irin ta bazara da ke tashi a fili tsakar rana ta kwashi kara da ƙura ta yi sama da su, muna yara mu ruga ana cewa aljanu ne ke wucewa. Ana iya yin ta?

Malam_Rano3D
Ana iyawa, akwai Vortex a Blender, CC Particle World ma yana da nasa a jerin Animation. Amma in gaskiya kake so, guguwar yanzu rabinta baƙar leda ce da ledar fiya wata.

Kawu_MalaminGona
Wannan magana taka ba wasa ba ce. Ka je bayan kowace kasuwa ka dubi ƙaya, leda ta fi ganye yawa. In ni ne mai bidiyon, sai in bar leda ɗaya ta gifta.

Dan_Babura_Edita
Jama'a ga inda aka kwana, yau saura kwana 4. Na bi ta After Effects saboda lokaci, Malam Rano ka yi haƙuri, na sauko da Blender ɗin yana nan zan zauna masa bayan taro. Na tsinto ganyen a bayan masallaci, na yi leya uku. Na je da safe na ɗauko saman gawon kamar yadda Anti ta ce, sai dai hasken safe da na yamma bai zo ɗaya ba, na sha wahala kafin launin ya haɗu, har yanzu in ka ƙura ido akwai ɗan layi ta wajen reshen hagu. Da na tsaya a wurin na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba: yawancin ganyen ko tashi sama ba ya yi. A ƙasa yake ja, ya yi tsalle biyu, ya maƙale a jikin tushen kara, ya jira. Sai na sauke Producer ɗin ƙasa sosai, na bar kaɗan ne kawai a sama.

Sabuwar matsala: na sa CC Force Motion Blur, renda, wato fitar da bidiyon, ta koma tafiyar kunkuru. Jiya ta kai kusan kashi 80 aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya mutu tun bara. Komai ya tafi.

Malam_Rano3D
Wannan kam duk manhajar da kake ciki magani ɗaya ne. Kar ka fitar da bidiyo dunƙule. Ka fitar da jerin hotunan PNG, firem-firem. In wuta ta ɗauke a na 160, ka dawo ka ci gaba daga 161. Daƙiƙa 8 a firem 25 hoto 200 ne kacal. Kuma ganyen kaɗai za ka fitar a haka, da bango a buɗe, sau ɗaya, sai ka ɗora shi kamar kowane bidiyo. Ka rage Motion Blur Samples ma, na can baya ba sa buƙata.

Sarkin_Renda_Wudil
Yau dai na yarda da Malam. A rubuta ranar.

Ka sa inuwa ga wanda ya sauka kusa da tabarma? In babu inuwa zai zama kamar yana shawagi a kan gilashi.

Yar_Kazaure_Studio
Da sauti. Kar ka ɗauko kukan iskar nan ta fina-finan ban tsoro. Ka sa wayarka cikin safa don kada iska ta buge makirfon, ka ajiye ta a ƙasa kusa da tarin ganye da safe. Wannan ƙaras-ƙaras ɗin da yake yi a kan yashi shi ake so.

Kawu_MalaminGona
Ɗana, na kalli wanda ka turo min. Yanzu kam ganyen namu ne, kuma ta inda ya kamata yake zuwa. Abu ɗaya ya rage. Gindin gawo a wannan wata ba ya rasa 'ya'yansa a ƙasa, jajaye masu murɗewa, kuma inda suke ba a rasa akuya. Naka gindin a share yake tas.

Dan_Babura_Edita
Kawu ni na sa aka share kafin mu shimfiɗa tabarma, wai don wuri ya yi kyau 🤦🏾‍♂️ Zan ɗauki hoton guda biyar in ajiye su a ƙasa, tun da su ba sai sun motsa ba. Akuya kuwa sai dai CapCut ya aro min ta maƙwabtansu.

Na nuna wa shugaban ƙungiya ɗazu. Bai ce komai kan ganyen ba, ko kallonsa bai yi ba. Tambayarsa ɗaya, wai ko zan iya sa tattabaru su tashi daga bayan gawon lokacin da sunan ƙungiya zai fito.

CapCut_Kawai
Tattabaru ina da su guda goma sha biyu. Shaddar ce dai babana ya kulle a akwati.